Abin da Ke Saura Idan An Rufe Ƙofar Majami'a

Laccar da aka gabatar ga masu bi da ke sujada da harshen Hausa a birnin Njamena

 

An ce in yi magana a kan sabunta sujada ta gaskiya, a rayuwar kowannenmu da kuma ta ikkilisiya. Na san abin da wasu suka zata za su ji. Za a ce a ƙaro kayan kiɗa, a tsawaita kwanan addu'a, a gayyato mai wa'azi daga Legas ko Duwala ya yi mana kwana uku na farkawa. Ba na gaba da ko ɗaya daga cikinsu. Amma ni tambaya ɗaya na zo da ita. In aka wayi gari an garƙame ƙofar majami'a, an kwashe lasifika, fasto kuma ba ya nan, me zai rage a hannunmu wanda za mu kira sujada? Kada wani ya ce almara nake yi. Dattawan da ke zaune a layin gaba sun ga an yi wa masu bi na ƙasar Chadi wannan tambaya a aikace, ba sau ɗaya ba.

Bishara ba ta daɗe a ƙasar nan ba. Mishan na Lutaran ya sauka Lere a farkon shekarun 1920, Baptis suka kafa a Fort-Archambault, wato Sar ta yau, a 1925, mishan na SUM ya biyo baya a Mundu, fadoji na Katolika kuma suka fara aiki a Ku, kusa da Mundu, a 1929. John Olley, wanda aikinsa ya zama tushen Assemblées Chrétiennes au Tchad, ta Kano ya ratso kafin ya iso Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, kan hanyar nan da fatake da alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna bi zuwa gabas. Ashe ke nan shekara hamsin kacal itacen ya yi a ƙasa, iska ta farko ta taso masa.

A 1973 shugaba François Tombalbaye ya ƙaddamar da abin da ya kira juyin al'adu. Ya ajiye sunansa na baftisma ya zama Ngarta, ya umarci jama'a su ajiye nasu, garin nan ma ya tashi daga Fort-Lamy ya koma Njamena. Canjin suna bai tayar wa kowa hankali sosai ba. Abin da ya kawo jini shi ne yondo, al'adar shiga daji ta kabilar Sara, wadda gwamnati ta mayar tilas a kan mazan kudu, har da ma'aikata, malamai da ministoci. Dubban mutane aka kwasa zuwa daji. Bari in tsaya nan in faɗi wani abu, don akwai 'yan'uwanmu Sara a cikinmu: ba al'adar kowa na zo zagi ba, kowace al'umma tana da hanyar da take mai da yaro namiji. Laifin yana wajen wanda ya ɗauki abin kakanni ya mai da shi bulalar mulki, ya ce wa mutumin da ya riga ya miƙa ransa ga Almasihu, ko ka yi abin da lamirinka ya ƙi, ko ka rasa aikinka, ko ma ranka. Aka kori 'yan mishan na Baptis, aka rufe majami'u, aka kashe fastoci da masu bishara da suka ƙi, wasu da ransu aka binne su. Abin bai tsaya ba sai da sojoji suka kashe Tombalbaye ranar 13 ga Afrilu, 1975.

Waɗannan bayin Allah da suka tsaya, me suka tsaya da shi? Ba gini, don an rufe. Ba Bature, don an kore shi. Abin da ya rage musu shi ne ayoyin da suka haddace, waƙoƙin da suka zauna musu a ka, da sabon da suka yi na durƙusawa a gaban Allah ko ba mai gani. Da yawansu ba su yi karatu mai zurfi ba. Matansu su ne suka riƙa tara yara cikin ɗaki da dare a yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa. Akwai kuma waɗanda ba su iya tsayawa ba, suka shiga daji saboda tsoro, ko don bakin yara da za su ciyar, kuma ba ni da bakin da zan zarge su, ni da ba a taɓa ɗora mini bindiga a ka ba. Ikkilisiyar Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ta sha irin wannan a shekara ta 250, lokacin da sarkin Rum Desiyus ya ce kowa ya yi hadaya ga gumaka a ba shi takardar shaida. Da wutar ta lafa, bishop Sifiriyan ya ƙi bin masu cewa a yafe wa kowa kamar ba a yi komai ba, ya kuma ƙi bin masu cewa wanda ya faɗi ya faɗi ke nan har abada. Ya ce a tuba a fili, a jira, sannan a dawo teburin Ubangiji. Ku riƙe mini wannan, zan bukace shi nan gaba.

Ba a gama share hawayen yondo ba yaƙi ya shigo cikin gari. A Fabrairun 1979 aka fara, a 1980 kuma aka yi wata tara ana ɓarin wuta tsakanin mutanen Gukuni Waddai da na Hisen Habre. Jama'a suka tsallaka kogin Shari a kwalekwale zuwa Kuseri, mutanen kudu suka nufi garuruwansu. Babbar majami'ar Katolika ta Notre-Dame de la Paix, wadda aka buɗe a 1965, ta ƙone, rufinta ya tafi. Sai a 2023 aka sake keɓe ta bayan cikakken gyara. Ku lissafa, shekara 43 ke nan. Yaron da aka haifa shekarar da ta ƙone ya yi furfura kafin ya ga rufinta. A tsakanin nan ba a daina sujada ba, har Fafaroma John Paul na biyu ya zo a 1990 ya tarar da jama'a ta fi ta da yawa.

Mu kuma tamu jarrabawar ta zo da sauƙi ƙwarai. A Maris ɗin 2020, saboda korona, hukuma ta rufe masallatai da majami'u na wasu watanni. Ba wanda ya ce mu yi musun Yesu, ba wanda ya kai mu daji. An dai ce kowa ya zauna gidansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari mu faɗa wa juna gaskiya. A gidaje nawa ne maigida ya tara iyalinsa ranar Lahadi, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya karanta, ya ce ga abin da na fahimta, ku kuma fa? A gidaje da dama abin da aka yi shi ne a kunna wa'azin wani a waya, a jingina ta da kwano, uwargida tana dama kunu, yara suna wasa, a ce an yi sujada. Wasu ma suka gano cewa Littafin nasu na cikin jakar da suke zuwa coci da ita, jakar kuwa tana rataye a ƙusa tun ranar da aka rufe ƙofa. Iyayenmu na 1974 ba su da wayar da za su jingina, amma sun fi mu abin yi a ranar.

Wannan ya kai ni ga labarin sarki Yosiya, a littafin Sarakuna na biyu, sura 22 da 23, labarin da nake ganin an rubuta shi ne saboda irinmu. Yosiya ya hau gadon sarauta yana ɗan shekara takwas. A shekara ta goma sha takwas ta mulkinsa ya ba da umarni a gyara Haikali. An tara kuɗi a bakin ƙofa, an ɗauko magina da masassaƙa, an sayo katako da duwatsu. Ana cikin wannan aiki sai babban firist Hilkiya ya tsinci littafin Shari'a. Ku lura da inda aka tsince shi. Ba a kasuwa ba, ba a gidan wani matsafi ba, a cikin ɗakin Ubangiji. Littafin Allah ya ɓace a gidan Allah, ba kuma wanda ya yi cigiyarsa. Firistoci na nan da rigunansu, hayaƙin turare na tashi, masu tsaron ƙofa na karɓar baiko, akwai ma kuɗin da ya isa a yi gini. Komai na tafiya. Abu ɗaya ne kawai babu, kuma rashinsa bai hana komai tafiya ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro a duk labarin.

Da magatakarda Shafan ya karanta wa sarki littafin, sarki ya kece tufafinsa. Bai kafa kwamiti ba. Ya aika a tambayi annabiya Hulda, mace, a birnin da ke cike da firistoci maza, abin da ya kamata dattawanmu su yi tunani a kansa idan mata na zumunta suka kawo shawara. Sannan ya tara jama'a manya da ƙanana ya karanta musu da bakinsa. Bayan karatun ne aka fara fitar da tarkacen gumaka daga cikin Haikali. Gyaran bango shi ya fara, amma ba shi ne farkawar ba.

To, mu ma muna gini. Kusan kowace ikkilisiya a Shaguwa da Mursal da Habbena tana da tulin bulo a harabarta da asusun gini da ake tunatarwa kowace Lahadi, kuma hakan ba laifi ba ne, jama'a na ƙaruwa, ambaliyar 2022 ma ta rushe wa wasu abin da suka gina. Amma ina roƙon sakataren kowace ikkilisiya ya yi mini aiki ɗaya ranar Lahadi mai zuwa. Ya riƙe agogo da biro. Ya rubuta minti nawa sanarwa ta ci, nawa gabatar da manyan baƙi, nawa baiko na ɗaya da na biyu da na godiya da na gini, nawa ƙungiyoyin waƙa da kowace sai ta yi tata don kada a ce an raina ta. Sannan ya rubuta minti nawa aka karanta Maganar Allah ita kanta, ban ce wa'azi ba, karatu nake nufi, da minti nawa jama'a suka yi shiru a gaban Allah. Ya kai wa dattawa takardar. Ni ba zan faɗi abin da zai samu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mawaƙa, kada ku ɓata rai, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Waƙa ce ta riƙe iyayenmu a ranar wahala, kuma ba abin da ya koya wa Kiristan arewacin Nijeriya tauhidi kamar Littafin Waƙoƙi da waƙoƙin zumuntar mata da ake bugawa da tulu da kacau-kacau. Amma a can jama'a ce ke waƙa. Yanzu mutum shida ne ke waƙa da makirfo, sauran ɗari uku suna kallo, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ku gwada kanku ranar da aka ɗauke wuta kuma janareto ya ƙi tashi. Idan waƙar ta mutu tare da lasifika, to dama ba a bakin jama'a take ba. Ku zaɓi waƙar da tsohuwa za ta iya tafiya da ita gida, ta rera tana tankaɗe.

Akwai kuma batun harshe, wanda namu ya fi na kowa sarƙaƙiya. A nan zauren akwai wanda ya zo daga Mubi, akwai na Biu, na Jos, na Maraɗi, na Marwa, akwai waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Barno. Hausa ce ta haɗa mu, ko da yake ga yawancinmu ba ita muka sha a nono ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, mun gaji wannan arziki. Amma 'ya'yanmu da aka haifa a nan fa? Faransanci suke yi a makaranta, Larabcin Chadi a unguwa da kasuwar Dembe, Hausarsu ta aike ce da gaisuwa. Yaro ya zauna awa uku ana wa'azi da Hausar da rabinta ke wuce shi, ya girma a haka, sannan mu yi mamaki da ya kai shekara ashirin ya daina zuwa. A Nehemiya sura 8, da Ezra ya tsaya a dandalin Ƙofar Ruwa yana karanta Shari'a tun daga safe har tsakar rana, Lawiyawa sun ratsa cikin taron suna fassara wa mutane ma'anar abin da ake karantawa. Sai da jama'a suka gane sannan suka fashe da kuka. Ba kiɗa ne ya sa su kuka ba. Idan ya zama dole a karanta nassi sau biyu, da Hausa da Faransanci ko Larabci, a karanta, a rage wani abu daban. Uba kuma a gida ya bar yaro ya karanta da harshen da ya iya, ya yi addu'a da shi, Allah ba ya bukatar tafinta.

Yanzu in shigo gida sosai. Muna zaune tsakanin maƙwabta Musulmi, kuma duk wanda ke da ido ya ga abin da nake gani. Kiran sallar asuba na tashi, maƙwabcinka ya ɗauki buta. Azahar ta yi, mai shago a babbar kasuwa ya ja ƙyalle ya rufe kayansa, ga mai saye tsaye da kuɗi a hannu, ya ce masa ya jira. Bangaskiyarmu daban, ba kuma ina cewa mu kwaikwayi kowa ba ne. Amma shi ya tsayar wa Allah lokaci a cikin yininsa wanda ciniki ba ya ci. Mu da muke cewa an ba mu 'yancin zuwa gaban Uba kowane lokaci, sai kowane lokacin ya zama ba lokaci. Daniyel a Babila sau uku yake durƙusawa a yini, kuma ya saba da haka tun kafin a kafa dokar da ta kai shi ramin zakoki. Ba ranar doka ya fara ba. Yesu da kansa, a Matiyu sura 6, wurin da ya nuna mana don addu'a shi ne cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Na san gidajenmu na haya, ɗaki ɗaya mutum bakwai, ba ƙofar da za ka rufe. To akwai ƙarfe biyar na asuba kafin yara su tashi, akwai tabarma a tsakar gida lokacin zafi. Zabura ɗaya, sura ɗaya daga Bishara, sunayen mutanen da ka ɗauki alkawarin yi musu addu'a. Wayar kuma ta kwana a wani wuri dabam, don duk wanda ya fara buɗe WhatsApp kafin ya buɗe Littafi ya san yadda safiyar ke ƙarewa.

Sai dai annabawa ba za su bar mu mu tsaya a nan ba. Amos, a sura 5, ya ce Allah ya gaji da idodin mutanen da ke tattake matalauta, har ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu. Yakubu kuma ya ba da misalin taron da mai zoben zinariya ya shigo aka ba shi wuri mai kyau, talaka ya shigo aka ce ya tsaya can. Mu duba kujerun gaba a ranar bikin godiya, mu ji yadda ake kiran sunan wanda ya ba da sefa dubu ɗari a tafa masa, gwauruwar da ke sayar da ƙosai ta jefa ɗari biyu ba wanda ya waiwaya. A Markus 12 Yesu ya zauna daura da akwatin baiko yana kallo, kuma kun san wadda ya yaba. Ni a ganina kiran suna da adadin kuɗi a gaban jama'a al'ada ce da ya kamata mu binne. Na san ma'aji zai ce kuɗin zai ragu. Wataƙila ya ragu. Sai mu san nawa ne aka ba Allah, nawa ne aka ba tafi.

Na ce ku riƙe mini maganar Sifiriyan, wato a tuba a fili kafin a dawo teburin Ubangiji. An ga irin wannan tuba a wata farkawa da ta daɗe a nahiyar nan, ta Afirka ta Gabas. Ta samo asali daga haɗuwar wani ma'aikacin gwamnati ɗan Yuganda, Simeoni Nsibambi, da wani likita ɗan Ingila, Joe Church, a Kampala a 1929, dukansu biyu sun gaji da sanyin ikkilisiya da na zukatansu, suka zauna suna nazarin Littafi Mai Tsarki tare. A shekarun 1930 abin ya kama a asibitin Gahini na Ruwanda, ya bazu zuwa Yuganda, Kenya da Tanganyika. Alamarta ba faɗuwa ƙasa ba ce. Mutane ne ke tashi a gaban 'yan'uwa su faɗi laifinsu da sunansa, sannan su je su gyara. Wanda ya saci kaya ya mayar wa mai shi, wanda ya ci bashi ya biya, miji ya nemi gafarar matarsa, Bature ɗan mishan ya nemi gafarar baƙin da ya raina. Daga cikin 'ya'yan wannan farkawa Janani Luwum ya fito, babban bishop ɗin Yuganda da ya faɗa wa Idi Amin gaskiya aka kashe shi a Fabrairun 1977. Sun yi kurakurai su ma, wani lokaci faɗar zunubi a fili ta wuce gona da iri har ta tona asirin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, shi ya sa ake bukatar dattawa masu hikima. Amma tushen daidai ne, kuma yana Matiyu sura 5: wanda ya kawo baikonsa gaban bagadi ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa, sai ya ajiye baikon nan, ya je su shirya tukuna.

A cikinmu akwai mata biyu da ke waƙa a layi ɗaya, shekara da shekaru ba sa gaisawa saboda kuɗin adashi. Akwai wanda ya karɓi kayan ɗan'uwansa daga Maiduguri ya sayar, har yau yana cewa kasuwa ce ba kyau. Akwai waɗanda a zaɓen dattawa ba su duba hali ba, sun duba daga wane gari mutum ya fito. Ba sai na kira suna ba, ban ma san duka ba, Allah ya sani, masu abin kuma sun sani. Duk muna miƙa hannu mu karɓi gurasa ɗaya da ƙoƙo ɗaya.

Don haka ga roƙona ga iyayenmu fastoci da dattawa. A sanar da ranar Jibin Ubangiji mako biyu kafin ta zo, ba da safiyar ranar ba. A cikin makonnin nan dattawa su rarraba kansu biyu-biyu, tare da shugabannin zumuntar mata, su shiga gidaje, su zauna a tabarma, su tambaya: ana karatu a gidan nan? Akwai wanda kuke riƙe da shi? Akwai bashin da ya kamata a biya? Wanda bai da halin biya duka, a zauna da shi da mai kuɗin a yanka masa abin da zai iya kawowa duk wata, a rubuta. Wanda ya ƙi sulhu bayan an je masa sau ɗaya, sau biyu, a gaya masa cikin ƙauna ya dakata da zuwa teburin har ya shirya, ko da shi ne ya sayi janareton. A fara da gidajen dattawan kansu.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo. Na mayar maka da makirfo, a buɗe fili don tambayoyi, iyayenmu mata su fara.